Daga Filin Jirgin Katsina Zuwa Na Maraɗi Ko Yamai: Yadda Ake Lissafin Nisa Da Lokacin Tafiya

Kusan iri ɗaya tambayar take zuwa min: nawa ne nisa da lokacin tafiya tsakanin filin jirgin Katsina da filayen jirgin Nijar? Wani zai sauka Katsina daga Abuja, yana da jirgin da zai hau a Yamai. Wata ɗanta yana karatu a Maraɗi, tana son ta kai masa ziyara ta dawo ta tarar da jirginta. Wani kuma baƙo zai tarbo daga Damagaram. Duk sai su buɗe waya, ta nuna musu gajeren nisa, misali kilomita 80 zuwa Maraɗi, da 'yan mintuna, su yanki tikiti a kan wannan lissafin. Lambar da wayar ta bayar daidai take, amma nisan da ke tsakanin filayen ta sama ta auna, kai kuwa a ƙasa za ka bi, kuma akwai iyakar ƙasa a tsakiyar hanyarka. Ga yadda ake tsara tafiyar daki-daki.

1. Tabbatar da filayen da kake nufi

Kowane filin jirgi yana da alamar haruffa uku, da ita za ka yi bincike, kada ka dogara da sunan gari kawai. Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina shi ne DKA. Na Maraɗi MFQ, na Damagaram ZND, filin Diori Hamani na Yamai kuma NIM. Ka riƙe na Abuja, ABV, da na Malam Aminu Kano, KAN, domin za su shigo lissafin nan gaba.

*Hattara:* DKA ya yi kama da DKR, tsohon filin Dakar a Senegal, da DAC na Dhaka a Bangaladash. Harafi ɗaya ka kuskure, sai ka ga dubban kilomitoci. Haka kuma in ka rubuta sunan Nijar da haruffan Turanci, na'urar tana iya kai ka jihar Neja, ta nuna maka Minna. Duba taswirar da idonka kafin ka amince da lamba.

2. Fitar da nisa biyu: na sama da na ƙasa

Buɗe Google Maps, ka danna yatsa a kan filin farko har alama ta fito, ka zaɓi auna nisa, ka ja zuwa fili na biyu. Wannan shi ne nisan miƙaƙƙen layi, wanda jirgi zai bi da a ce akwai shi. Daga DKA zuwa Maraɗi kimanin kilomita 80 ne, zuwa Damagaram kimanin 165, zuwa Yamai ɗan ƙasa da 600.

Sannan ka nemi hanyar mota. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, kilomita 90 zuwa 100 ne, gwargwadon inda ka tashi da inda za ka sauka; kusan rabi a Najeriya, rabi a Nijar. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, wato jimilla daga Katsina kana kallon kilomita 750 da wani abu. Rubuta lambobin biyu a takarda, kowace da sunanta.

*Hattara:* shafukan lissafin jirage sukan ba da nisa da mil. Mil ɗaya na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil ɗin da matuƙa jirgi ke amfani da shi kuwa 1.852. Kilomita 80 ɗin nan za ka iya ganin ta a matsayin 50 ko 43. Duk abu ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta.

Lokacin tashi da waɗannan shafukan ke bayarwa kuwa ƙiyasi ne kawai: su raba nisan da gudun jirgi, wajen kilomita 800 a awa ga babba, wajen 500 ga mai farfela, su ƙara kimanin rabin awa na tashi da sauka. Na'urar za ta yi maka wannan lissafin ko da babu jirgin da ke bin hanyar.

3. Zaɓi hanya: mota, jirgi, ko haɗi

Babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi, ko tsakanin Katsina da Damagaram. Filin Katsina jiragen cikin gida yake karɓa, sai jigilar alhazai in lokacinta ya zo. Saboda haka mai zuwa Maraɗi ba shi da wani zaɓi sai mota.

Mai zuwa Yamai ne ke da abin aunawa. Hanya ta farko, mota daga farko har ƙarshe, da kwana a Maraɗi. Ta biyu, jirgi zalla: Katsina zuwa Abuja, kimanin kilomita 445, tafiyar wajen awa ɗaya, daga Abuja, in babu mai zuwa Yamai kai tsaye a ranar, sai a ratsa ta wani birni, misali Lome a Togo inda kamfanin ASKY yake da cibiyarsa. Abuja zuwa Lome ya haura kilomita 700, Lome zuwa Yamai ya haura 800. Ka tara za ka ga kusan kilomita 2,000 ka yi don isa wurin da bai kai 600 daga ƙofar gidanka ba, ga jiran canjin jirgi, ga tikiti biyu, sau da yawa ga kwana a Abuja. Ta uku ita ce haɗi: mota zuwa Maraɗi ko Damagaram, sannan jirgin cikin gida na Nijar zuwa Yamai.

A ganina, mai lafiya da ba shi da kaya masu nauyi, hanyar mota ta fi masa araha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ba ta fi ta jirgi cin kwanaki ba. Tsoho, mara lafiya, ko mai juna biyu, wannan ba na ba shi shawarar zaman bas na yini guda.

*Hattara:* jiragen cikin gida na Nijar ba kullum suke sauka Maraɗi da Damagaram ba, kuma jadawalinsu na sauyawa. Kada ka gina tafiyarka a kan abin da ka gani a intanet; sa wani na can ya je ofishin kamfanin ya tabbatar da rana da awa. In kuma an ce maka ai ana ganin jirgi na sauka Maraɗi, bincika ko na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, domin wannan ma'aikatan agaji yake ɗauka, ba a sayar wa kowa tikitinsa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, kada ka sa shi cikin lissafi sai ranar da ka ga ana yankar tikitinsa.

4. Haɗa takardu tun da sauran mako biyu

A nan 'yan yankinmu suka fi yin sake, saboda sabo. Mutumin Jibiya ko Mai'aduwa ya saba tsallakawa biki ko kasuwa ba tare da an tambaye shi komai ba. Mai hawa jirgi ba haka lamarinsa yake ba.

Na farko, fasfo na ƙasa da ƙasa, wanda ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, amma sun ajiye wa kansu ikon mayar da wanda ba su gamsu da shi ba. Don haka ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS da muka saba da ita, kada ka riƙe ta ita kaɗai. Katin zaɓe da takardar NIN kuwa shaidar cikin gida ce, ba ta tsallake iyaka ba. In kana da wata shakka, Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano da babba a Abuja.

Na biyu, katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Ana yin rajistarsa ta intanet, a biya ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, sannan a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa a yi allurar, a karɓi katin. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, shi ya sa na ce mako biyu. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka, don haka wanda ya taɓa yi katinsa kawai zai adana.

Na uku, tikitin jirginka a buge a takarda, da adireshi da lambar wayar wanda za ka sauka wurinsa. In da yaro a tare da kai, fasfonsa da takardar haihuwarsa, in kuma ba kai ne mahaifi ba, da rubutacciyar yardar iyayensa. Yi kwafi biyu na komai, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

*Hattara:* kada ka sayi katin rigakafi a hannun ɗan kamasho. Katin yanzu yana da alamar da ake haskawa da na'ura. Na jabu yana iya wuce shingen hanya, ya zo ya tsaya maka a filin jirgi, inda ba ka da sauran lokacin gyara.

Sannan kwana ɗaya kafin tashi ka tabbatar iyakar a buɗe take. An rufe ta a Agusta 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kira direban da ke bin hanyar, shi ya fi kowa sanin halin da ake ciki a safiyar.

5. Tsara kuɗi, ka koyi ƙidayar sefa

Kuɗin mota yana bin farashin mai, saboda haka ka tambaya a tasha kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Abin da za ka lissafa: abin hawa daga filin jirgi zuwa tasha, kujera zuwa iyaka, kujera daga iyaka zuwa Maraɗi, kuɗin kaya in akwatinka babba ne, masauki na dare ɗaya, abinci, layin waya, da tikitin bas in Yamai za ka. Ka tara, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai don ɓacin rana.

Canja wani abu zuwa sefa, kuɗin Nijar, a Katsina wurin ɗan canjin da ka sani, wanda zai ishe ka yini biyu. Akwai 'yan canji a bakin iyaka, amma mai sauri ba ya samun farashi mai kyau. Nemi ƙananan takardu, na 500 da 1,000 da 2,000. Ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓan can, ba zai samo maka canjin 10,000 ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, naira ce ke hawa da sauka, don haka farashin makon jiya ba lallai ya zama na yau ba.

Yadda ake faɗin kuɗi a can ya sha bamban da abin da ke rubuce a jikin takardar. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jikka ɗaya sefa 1,000. In mai abinci ta ce maka ɗari, 500 take nufi. Duk adadin da ka ji da dala, ninka shi sau biyar. Misali kawai: a ce ɗan canji ya ba ka jikka a kan naira 2,500, to abin da aka ce maka jikka huɗu, naira 10,000 ke nan. In ciniki ya rikice, miƙa wayarka ka ce a rubuta maka lambar.

*Hattara:* sefa iri biyu ce. Ta Nijar tana ɗauke da haruffan BCEAO. Ta Kamaru da Chadi daban take, ba a cin kasuwa da ita a Maraɗi. Duba kowace takarda kafin ka bar gaban ɗan canji. Kada kuma ka dogara da katin cirar kuɗinka na naira. In kuɗi sun yanke, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da ofisoshi a garuruwan da ke kan hanya, wani na can zai iya turo maka. Mai ɗauke da abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta, doka ta ce ya bayyana wa kwastan.

6. Lissafa lokaci daga baya zuwa gaba

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan tafiyar. Abu ɗaya ya zo da sauƙi: agogon Najeriya da na Nijar ɗaya ne, babu ragi babu ƙari. Sai dai tikitin can da tsarin awa 24 ake rubuta shi. In ka ga 06h30, shida da rabi na safe ne. 14h30 biyu da rabi na rana. 00h45 kuwa ɗaya saura kwata na dare, wato tun daren ranar da ta gabata za ka kasance a filin.

Fara da lokacin tashin jirginka, ka riƙa cirewa. Ga yadda nake ware wa kowane zango daga filin Katsina zuwa na Maraɗi, a motar haya, ranar da komai ya tafi daidai:

- karɓar kaya da fita daga filin Katsina: minti 30
- daga fili zuwa tashar motocin Jibiya: minti 30
- jiran mota ta cika: minti 30 zuwa awa 1
- Katsina zuwa Magamar Jibiya, wato bakin iyaka, da tsaye-tsayen shingaye: awa 1 zuwa 1 da rabi
- ofisoshin iyaka na ɓangarorin biyu: awa 1 zuwa 1 da rabi
- Ɗan Isa, garin iyaka na ɓangaren Nijar, zuwa Maraɗi: kimanin awa 1
- daga tasha zuwa filin Maraɗi: minti 20

Jimilla kimanin awa 5 zuwa 6. Wayarka za ta ce maka awa ɗaya da rabi ko biyu, domin ba ta san lodi ba, ba ta san shinge ba, ba ta san layin buga hatimi ba. In shatar mota ka ɗauka, za ka iya rage awa ɗaya ko fiye, amma lokacin iyaka yana nan yadda yake.

Kan wannan sai ka ɗora lokacin da kamfanin jirgi yake so ka iso: awa 2 kafin tashi ga jirgin cikin gida, awa 3 ga na ƙasashen waje. A ce jirginka zai tashi daga Maraɗi ƙarfe 2 na rana. Ƙarfe 12 ya same ka a filin. Cire awa 6, ƙarfe 6 na safe ke nan za ka fara motsi daga Katsina, kuma babu ko minti ɗaya na faci ko lalacewar mota a ciki. In kuma jirgin da zai kawo ka daga Abuja sai ƙarfe 10 zai sauka, lissafin ya riga ya gaya maka ba za ka same shi ba.

Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, ka kwana a ƙasar da jirginka zai tashi. Jirgin Maraɗi, kwana a Maraɗi. Jirgin Yamai, kwana biyu kafin ranar ka bar Katsina: yini na farko ka tsallaka ka kwana Maraɗi, na biyu ka shiga bas ka kwana Yamai, na uku ka hau jirgi. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon tikiti ba.

*Hattara:* tikitin Abuja zuwa Katsina da na Nijar tikiti biyu ne na kamfanoni daban-daban. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗinka sun tafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan hana jirage sauka a filayen arewa, wani lokaci a ɗage tashi yini guda. A waɗannan watannin ƙara kwana ɗaya a kan duk abin da ka lissafa, ko ka shirya sauka Kano ka ƙarasa kilomita 170 ɗin a mota.

7. Daga filin Katsina zuwa Magama

Filin yana gabashin gari ne, ta wajen hanyar Daura, hanyar Jibiya kuwa yamma take, saboda haka sai ka ratsa gari. Ya fi kyau ka shirya wanda zai ɗauke ka tun kafin ka sauka. A tasha ka faɗa wa direba ƙarara cewa iyaka za ka, kuma fasfo za a buga maka: "Malam direba, ni fa da fasfo nake, sai an jira ni an buga min hatimi." In ba ka faɗa tun farko ba, sauran fasinjoji da ba su da wannan buƙatar za su ƙosa, a sauke maka akwati a wuce. Akwai motocin da ke tsayawa a iyaka a canja wata, akwai masu zarcewa. Tambayi wacce ce kafin ka biya, kuma a gama maganar kuɗin kaya kafin a ɗaure su.

Ka tashi da hantsi, bayan gari ya waye sosai motoci sun fara kai-komo. Hanyar Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga, ba a bin ta da asuba ko bayan la'asar sakaliya don a ci lokaci. In jirginka ya sauka Katsina bayan ƙarfe 2 na rana, nemi masauki ka kwana, gobe ma rana ce. Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, motoci sun fi saurin cika amma hanya da shingaye sun fi cunkoso. Ranar Juma'a kuma ka tsallaka kafin ƙarfe 12, in ba haka ba sai bayan an sakko.

*Hattara:* kada ka karɓi saƙon kowa a tasha, komai ƙanƙantarsa, ko da an ce magani ne za a kai wa mara lafiya. Jami'an hana sha da fataucin ƙwayoyi suna kan hanyar, kuma duk abin da aka samu a jakarka naka ne. Maganinka na kanka ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita.

Wanda bai taɓa tsallakawa da motarsa ba, kada ya fara ranar da yake da jirgi. Takardar izinin shigar da mota daga duwan, wato kwastan na Nijar, da inshorar da ke aiki a can, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kowanne zai ci nasa lokacin.

8. Tsallake iyaka: hatimi biyu

Oda ita ce: shige da fice na Najeriya su buga hatimin fita, kwastan su duba kaya in sun buƙata, jami'in lafiya ya ga katin rigakafi. Sannan a ɓangaren Nijar, 'yan sanda su buga hatimin shiga, duwan su duba kaya a Ɗan Isa. Za a tambaye ka ina za ka, wurin wa, kwana nawa. Amsa a taƙaice, da Hausa, ka nuna tikitin jirginka. Yi sallama, ka ce "ranka ya daɗe" ko "yallaɓai", ka cire tabarau, ka ajiye waya. Ba a ɗaukar hoto a ofishin iyaka, ko a shingen jandarmomi, ko a filin jirgi.

Kafin ka bar gaban kowane tebur, buɗe fasfon ka duba hatimin da kwanan watan da ke jikinsa. In an nemi ka biya wani abu, tambaya cikin ladabi ko na mene ne, ka nemi rasit.

*Hattara, kuma wannan ita ce babba:* za ka samu 'yan acaɓa da za su ce su zagaya da kai ta bayan gari, minti goma ka tsallaka ba layi. Wanda zai hau jirgi bai isa ya karɓi wannan tayin ba. A filin Yamai jami'in da zai buga maka hatimin fita sai ya nemi na shiga. In babu, a idon doka ta ɓarauniyar hanya ka shigo, jirgin zai tashi kana ofis kana bayani. Ban da haka, hanyoyin dajin nan su ne inda ake tare mutane. Sauri ya haifi nawa.

9. Ɗan Isa zuwa Maraɗi, da zarcewa Yamai

Da ka tsallaka layin wayarka na Najeriya zai fara ɗaukewa. Sauke taswirar yankin a waya tun kana Katsina. A Maraɗi ka sayi layin Airtel, Moov ko Zamani, da fasfonka za a yi rajista. Lambar ƙasar 227 ce, ta Najeriya 234. Filin jirgin Maraɗi a gefen gari yake, ɗan kabu-kabu ko adaidaita zai kai ka cikin 'yan mintuna. Ka je tun ranar da ka iso ka ga wurin, ka tabbatar da awar tashi.

Mai zarcewa Yamai, daga saukarsa ya wuce tashar kamfanin bas, irin su Rimbo, STM ko Al Izza, ya yanki tikitin gobe. Kowane kamfani da tasharsa. Bas-bas ɗin nan da asuba suke tashi, kuma ba sa jiran cika kamar motocinmu. Awar da aka rubuta ita ce awar. Tambayi lokacin da ake awon kaya, wasu tun dare suke karɓa. Nemi masauki kusa da tashar.

Hanyar ita ce babbar hanya mai lamba 1: Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutse, Doso, sai Yamai. Ware mata awa 10 zuwa 12 tare da tsayawar salla da abinci da binciken takardu. Fasfo ya zauna a aljihunka, ba a cikin akwatin da ke ƙarƙashin bas ba, domin a shingaye akan sauke fasinjoji a duba kowa. Filin Diori Hamani yana bakin gari ta ɓangaren da bas ɗin Doso ke shigowa, amma kada wannan ya sa ka yanki tikitin jirgin daren ranar. Tayar bas ɗaya ta fashe, lissafin ya rushe. Batirin ajiye caji a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ruwa da turare kuma kada kwalba ta wuce mililita 100.

10. In Damagaram za ka, bi ta Daura

Daga filin Katsina ba sai ka shiga gari ba, hanyar Daura na kusa. Kimanin kilomita 80 ne zuwa Daura, daga nan Mai'aduwa da iyakar Kwangwalam, sai Matamaye, sai Takeita inda ake haɗuwa da babbar hanya mai lamba 1 a karya dama zuwa Damagaram. Jimilla ta haura kilomita 200, don haka ware awa 6 zuwa 7 a motar haya. Zagayawa ta Maraɗi ya fi tsawo sosai, domin daga Maraɗi kaɗai zuwa Damagaram ya kusa kilomita 240. Mazaunin Daura kuwa, filin Damagaram da na Kano duk suna cikin tazarar da zai auna, ya duba inda jirgin da yake so yake tashi. Sharuɗɗan takardu da hatimi duk ɗaya ne da na Magama.

11. Dawowa

Juya lissafin mataki na 6, ka sake yin sa daga lokacin tashin jirginka na Katsina, kuma ka kwana a Katsina. Bas ɗin da ya taso daga Yamai da asuba sai yamma yake shiga Maraɗi, lokacin da bai kamata a kama hanyar Jibiya ba, don haka dawowar ma kwana biyu ce. A iyaka hatimin fita na Nijar ne farko, sannan na shiga Najeriya. Kada ka ɗauko buhun shinkafar waje a matsayin tsaraba, kwastan za su tsayar da motar gaba ɗaya saboda kai. Ragowar sefarka ta takarda ka canja ta a Maraɗi ko Katsina. Tsabar ƙarfe kuwa ka kashe ta kafin Ɗan Isa, 'yan canjin wannan ɓangaren ba kasafai suke karɓarta ba.